Kwana Talatin

Ranar Talata, ina tsaka da yankan albasa,
aka buga ƙofa, bugun wanda bai saba jira ba.
Ɗan sandan gunduma ne.
Ya karanta sunana kamar mai tauna tsakuwa,
Tabawa Ilyasu,
ya miƙo takarda, ya ce in wuni lafiya.

Dala dubu huɗu da ɗari uku da sha biyu.
Mai ƙara wani kamfani ne mai dogon suna
da ban taɓa shan ruwan gidansa ba.

A garinmu bashi yana da fuska.
Mai binka zai yi sallama, ya tambayi yara,
ya tambayi ƙafar gyatumarka,
sannan ya yi gyaran murya, kai kuma ka sunkuya.
A nan Greensboro bashi akuya ce:
an kai ta kasuwa uku,
kowane dillali ya ƙara mata kitse,
alhali ba ta ci dusar kowa ba.

Na san uwar akuyar. Firiji ne,
ga shi nan yana gurnani a bayana.
Na ɗauko shi shekarar da na fara aikin dare,
ina juya tsofaffi a gado kada bayansu ya yi gyambo.
Na biya wata-wata har ya zama nawa.

Maƙwabcina Sallau ya ce, "Jefa a shara,
in sun gaji za su bari."
Amma lauyar ofishin taimakon marasa hali,
mai tabarau rataye da zare,
ta ƙwanƙwasa tebur da farce:
"Shiru a kotun nan sa hannu ne.
Kwana talatin gare ki, shida sun tafi."

Na zazzage gwangwanin biskit a kan darduma.
Katin rigakafin yara, tsohon fasfo, maɓallin riga,
rasit ashirin da biyu,
tawadarsu ta koɗe kamar lallen mako uku.
Biyu sun ɓata.
Na yi wa biyun nan kukan
da ban yi wa dubu huɗun ba.

'Yata Ramlatu ta riƙe alƙalami, ni na riƙe magana.
Na ɗaya: sunana ne, na yarda.
Na biyu: gidana ne, na yarda.
Na uku: na musanta.
Na huɗu: ban san ku ba,
ku kawo shaidar wanda ya sayar muku da ni.

Magatakarda ta buga hatimi, tim,
na ji shi har cikin haƙorina.

Ranar zama lauyansu ya zo da fayil tsibi guda.
Ana ta kiran sunaye, kujeru na amsawa da shiru,
kowane shiru albashin wani ne za a yanka.
Da aka zo kaina na miƙe, gwiwa na rawa,
na ce, "Ga ni."
Ya ɗago kamar wanda bango ya yi wa magana.
Ya laluba, ya sake lalubawa:
layi ɗaya cikin jerin sunaye,
ba yarjejeniya, ba sa hannuna.
Alƙaliya ta ba shi minti goma.
Ya fita da waya a kunne,
ya dawo ya janye ƙara,
bai ko dubi gwangwanina ba.

A cikin bas na tuna bashi hanji ne.
Dala sittin na naman watandar Sallar bara,
Lantana ce ta cike min,
ba takarda, ba shaida, ba ta taɓa tayar da zancen ba.
Na ja igiya, na sauka tun kafin unguwarmu.
Na yi sallama, na tambayi yara,
na tambayi ciwon bayanta,
sannan ni, wadda ake bi,
na yi gyaran murya.